Yaron da Aka Saya da Maɓalli

Sarajevo, 4 ga Mayu, 1958

Tiya Mazalta,

An tsayar da rana. Asabar, 14 ga Yuni, ɗana Rafo zai cika shekara goma sha uku, zai hau dakali ya karanta Attaura a majami'a, bisa al'adarmu ta Yahudawa. Likita ya yarda ranar Alhamis bisa sharaɗi biyu: kada ya tsaya fiye da minti goma sha biyar, kada kuma ya je da ƙafa.

Na sa labari gaban gaisuwa. Shekara goma sha biyu a teburin jarida ce ta lalata ni, ki yafe. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar, yaya ɗinki, yaya iskar bakin teku? Matata Grasiya tana gaishe ki, ta ce busasshen ɓauren ya iso, ɗanta ya cinye rabi kafin ta samu wurin ɓoyewa. Mu biyu lafiyarmu ƙalau.

Shi kuwa ya ƙara kilo huɗu daga Janairu. Matakalan benenmu goma sha ɗaya ne. Yana hawa, ya huta a ta shida. Na je majami'a na ƙirga na dakalin karatu, huɗu ne. Haham Shabetai, malamin majami'ar, yana zuwa sau uku a mako ya koya masa a bakin gado. Muryarsa ta fara fashewa, tana ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma ba ya tsallake kalma. Nakan tsaya a bayan ƙofa da jarida a hannu kamar mai karatu.

Yanzu ga maganar. Wata ashirin da ɗaya ke nan da ranar da zazzaɓin gaɓoɓi ya kama zuciyarsa, likita ya ce mu kira dangi. Dangin da yaƙi ya bar mana ke ce, Tiyata, gwaggona ɗiyar baffan mahaifina, kika kuma zo a jirgin farko. A barandar asibiti kika ce wa Grasiya, "Kina sayar mini da yaron nan?" Ta ce, "Na sayar." Kika juyo gare ni. Ni da na rubuta sharhi biyu a kan camfi na ce, "Na sayar." Kika sa mini maɓallin tagulla a tafin hannu. Tun ranar sunansa Merkado, sayayye, don in mala'ikan mutuwa ya zo neman Rafael ɗan Zadik ya tarar babu mai wannan suna a gidan.

Ni dai na san penisilin ce ta tashe shi. Duk da haka ban ƙara kiransa Rafo da baki ba. A takarda kaɗai nake rubutawa.

Roƙona shi ne ki zo ranar 12, ki karɓi maɓallinki hannu da hannu a gaban shaidu, ki mayar mini da ɗana. Kin san da suna ake kiran mai hawa, shi da na ubansa, da babbar murya. Rafael ɗan Zadik sunan mahaifina ne kalma da kalma. Rabon da a ji shi a majami'a shekara goma sha bakwai. Ina so in ji shi sau ɗaya, wani kuma ya amsa.

Zan aiko da tikiti.

Naki,
Zadik Atiyas


Split, 12 ga Mayu

Zadiko,

Na samu sanarwarka. Da na gama karantawa sai na juya takardar in ga inda gwamnati ta buga hatimi. Kilo huɗu, matakala goma sha ɗaya! Ubanka ma haka yake, in ka tambaye shi lafiya sai ya ba ka farashin ulu.

Ina gaishe ka, ina gaida Grasiya, ina sumbatar goshin Merkadona. Ƙafa tana nan tana rigima da ni, ina rigima da ita. Ɗinki ya ragu. Ka ce wa Grasiya ta riƙa ba shi hanta da man zaitun ɗin da na aiko, kada ta ajiye wa baƙi.

Na yi kuka da na ji zai hau. Na zauna a kan keken ɗinki na yi kuka har Ankisa maƙwabciyata ta buga bango tana tambaya wa ya mutu. Na ce babu, wani ne ya ƙi mutuwa.

Amma maganar maɓalli, a'a. Gaggawar me kake yi? Uwata ta sayi yara uku a unguwarmu, ba ta mayar da ko ɗaya ba sai ranar aurensa, duka ukun kuma sun yi gemu. Yaron da ke hutawa a matakala ta shida bai warke ba, sauƙi ya samu. Kana so a tsaya a tsakiyar majami'a a ɗaga murya a faɗa wa wancan mai neman inda yake? Mun ɓoye shi shekara biyu, kai kuma za ka buga adireshinsa a jarida.

Ka ce mini jahila. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya ma gudu yake yi. Shi kaɗai ya rage mini, ban shirya sakinsa ba. A kira shi Merkado, ai suna ne mai kyau.

Kada ka aiko da tikiti, kada kuma ka jira wasiƙata nan kusa. Akwai abin da ke gabana.

Tiyarka,
Mazalta


Sarajevo, 18 ga Mayu

Tiya Mazalta,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Jiya ya hau matakala goma sha ɗayan ba tare da hutu ba, ya zauna a ta ƙarshe fuskarsa fara fat, yana dariya. Bugun zuciyarsa ya koma daidai cikin minti huɗu. Na riƙe agogo.

Rubutunki ya yi girma, ya karkace, yana hawa kan layi. Na ɗauka cikin fushi kika rubuta, don haka zan amsa a hankali.

Ban ce miki jahila ba. Kin zo lokacin da babu mai zuwa, kin kwana tara a kan bencin asibiti, kin wanke zanen gadonsa da hannunki. Ba na mantawa. Amma cinikin na ranar tsoro ne, ranar tsoro kuma ta wuce. Na tambayi Haham. Ya ce Littafi bai san wannan ciniki ba, maganar mata ce, shi kuma ya daina shiga maganar mata tun yana da haƙora. Ya ce in rubuta masa suna a takarda ranar Asabar ɗin, abin da na rubuta shi zai kira. Ke nan ina iya yi ba tare da ke ba. Ba na so. Grasiya ba za ta yarda ba, ni ma ina so ki tsaya a can sama wajen mata ki ji da kunnenki.

Yaron ya ji muna magana. Ranar Juma'a muna cin abinci ya ce, "Baba, nawa aka saye ni?"

Na ce, "Maɓalli ɗaya."

Ya ce, "Ɗaya tak? Ai ko akuya ta fi ni tsada."

Uwarsa ta ce, "Akuya tana ba da nono. Kai me kake bayarwa in ba cin ɓaure ba?"

Na tambaye shi wane suna yake so a kira. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Duk wanda aka kira, ni ne dai zan hau matakalan."

Kin ga irin yaron da kika saya da araha.

Me ke gabanki da ya fi wannan? Ki rubuto ko layi biyu ne.

Zadik


Sarajevo, 1 ga Yuni

Tiya,

Ina fatan kina lafiya. Mu lafiya. Yaron lafiya.

Kwana ashirin ke nan rabon da ki rubuto. Saura kwana goma sha uku. Na karanta wasiƙarki sau da yawa, kullum ina tsayawa a layi ɗaya: "Shi kaɗai ya rage mini, ban shirya sakinsa ba." Da farko na ɗauka tsoro ne. Yanzu na fahimci shirun naki amsa ce.

Zan faɗa a fili. Kin binne naki biyu da mijinki, na sani. Duk mun binne. Ni na rasa uba da uwa da ƙanne uku. Amma wannan ba naki ba ne, Tiya. Ni na ɗauke shi a kafaɗa zuwa asibiti, ni na koyi yin allura a jikin lemo kafin in yi a jikinsa. Ba za a riƙe mini shi jingina ba don a cike gurbin da ba ni na haƙa ba.

Ga maɓallinki, na ɗinke shi cikin ɗan ƙyalle. Tun da ba za ki zo ki karɓa ba, ya zo ya same ki. Ranar da ya shiga hannunki ciniki ya warware. Grasiya ba ta sani ba.

Z. A.


Sarajevo, 5 ga Yuni
Ta gaggawa

Tiya Mazalta,

Ina gaishe ki. Ba mu lafiya.

Ranar Talata da rana ya ce maƙogwaronsa yana ciwo. Jiya zafin jikinsa ya kai 39.2, gwiwar hagu ta kumbura. Likita ya zo sau biyu, ya ninka allura, ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinsa.

Grasiya ta ɗauko gwangwanin shayin da take ajiye maɓallin, za ta sa a ƙarƙashin matashinsa kamar yadda ta yi a asibiti. Ta buɗe, ta girgiza, ta dube ni.

Ta ce, "Ina ka kai shi?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce Lahadi na rubuta, Litinin na kai gidan waya.

Ta ce, "Litinin. Talata ya kwanta." Ta rufe gwangwanin ta mayar da shi wurinsa. Tun daga nan ba ta yi mini magana ba sai a kan lokacin magani.

Na san abin da ke kawo wannan. Yara huɗu a benenmu suna ciwon maƙogwaro tun makon jiya, ƙwayar cutar ba ta karanta wasiƙa. Na sani, zan iya rubuta shafi guda a kai.

Tiya, kada ki taɓa shi. In kin buɗe ambulan, kada ki warware ƙyallen. In kin warware, ki saye shi kuma, da kowane abu, ki aiko da waya ki ce kin saya. Abin da na rubuta ranar Lahadi ba ni da bakin da zan nemi gafararsa yanzu. Ki fara amsa wannan.

Zadik


Split, 9 ga Yuni

Zadiko,

Wannan hannun Ankisa ne, bakin nawa ne. Ta ce in gaishe ka, ta ce kuma tana da maganar da za ta faɗa maka in kun haɗu.

Ban taɓa shi ba. Ka fara gaya wa Grasiya wannan, sannan ka dawo ka karanta sauran.

Yanar ido aka cire mini ranar 16 ga Mayu. Kwana goma sha takwas ina kwance da jakar yashi a kowane gefen kaina, an hana ni ko atishawa. Tun hunturu nake sa zare a allura da lalube. Ban faɗa maka ba don gidanku ya ƙoshi da asibiti. Na yi niyyar in zo in ga Merkado yana hawa da ido mai gani, in ba ku mamaki. Tsohuwa da wayo. Ga inda wayon ya kai mu.

Daga asibiti aka kai ni gidan 'yar Ankisa, don can babu bene. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunka uku a ƙarƙashin ƙofa. Ankisa ta karanta mini bi da bi. Na yi dariyar akuya har ɗinkin idon ya yi zafi. Da ta buɗe ta biyu wani abu ya faɗi a tebur, na ji ƙararsa ta cikin ƙyallen na gane shi. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu. Ta fara karantawa, ta tsaya, ta ce, "Mazalta, wannan ba ta karantuwa, tawada ta zube." Na ce, "Maƙaryaciya, mutumin nan bai taɓa zubar da tawada ba a rayuwarsa. Karanta." Ta karanta har ƙarshe.

Kai mai gyaran rubutun mutane ne, bari in gyara maka kalma ɗaya. Ban binne su ba. Ba a ba ni ko ɗaya ba.

Ba ka taɓa tambayata inda na samo maɓallin ba. Na rigar Danko ne, ƙaramina. Bayan an tafi da mijina Eliyezer da babban ɗanmu, maƙwabtanmu suka ɓoye mu. Ni aka sa mini lulluɓi a ce ƙanwar matar gidan ce daga ƙauye, shi aka sa shi a ɗakin gawayi. Wata safiya sojoji masu baƙaƙen kaya suka shigo tsakar gida da takarda. Ba su bincika ko'ina ba. Ɗaya ya tsaya ya karanta sunaye da ƙarfi kamar a makaranta. Ya kira Danko da cikakken sunansa, ya ce, "Daniyel Kabilyo." Zadiko, ni na koya masa. Ni na ja kunnensa shekara goma sha biyu: in babba ya kira ka, ka amsa. Na ji daga ɗakin gawayi, "Na'am." Ya fito yana kaɗe wandonsa. Na kama gaban rigarsa, matar gidan ta toshe mini baki ta ja ni baya. Abin da ya rage a hannuna shi ne abin da na sa a naka. Saura wata biyar ya hau.

To ka ga. Ba ɗanka nake so ba. Ɗanka naka ne, hancin ubanka ne a fuskarsa, Allah ya taimake shi da shi. Abin da ba zan iya ba shi ne in ji an kira yaro da cikakken sunansa da babbar murya, ya amsa.

Likita ya hana ni jirgi sai bayan wata guda, ba zan zo ba. Ankisa ta ɗauki ƙyallen da cokali ta sa a sabon ambulan, yau za ta kai shi gidan waya da rajista, wannan wasiƙar kuma ta gaggawa. In ya iso a mayar da shi gwangwani. Yaron nawa ne har yanzu, wancan mai neman ya je ya nemi wani gidan.

Ranar Asabar ka rubuta abin da zuciyarka ta ba ka, in har ya tashi. Ubanka ya goya ni ina ƙarama, ni ma ina so in ji sunansa. Ba na fushi. Na gaji ne kawai.

Ka rubuto mini zafin jikinsa. Yau kam ina son lambobinka.

Mazalta


Sarajevo, 15 ga Yuni

Tiya Mazalta,

Ya hau.

Ina gaishe ki, ina gaida idon, ina gaida Ankisa. Maganar da take da ita ta same ni tun kafin ta faɗa.

Lambobin: Litinin 38.8, Laraba 38.1, Juma'a 37.4. Wasiƙarki ta iso Alhamis. Grasiya ta karanta layukan farko a tsaye, ta zauna a ƙasa ta karanta sauran. Daren Juma'a ta sa mini abinci da hannunta. Likita bai so yaron ya je majami'a ba. Yaron ya ce masa, "Dokta, wata bakwai ina haddar nan, in ban zubar da ita gobe ba za ta ruɓe a cikina." Likita ya ce minti goma, a kai shi a mota, a dawo da shi gado.

Mun isa ƙarfe tara. Maza goma sha tara na ƙirga, a ɗakin da ya taɓa ɗaukar ɗari shida. Na kai wa Haham takarda a ninke. Ya buɗe, ya kawo ta dab da hancinsa, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Zadik, Littafi bai san wannan ba."

Na ce, "Na sani, Haham."

Ya ce, "Ni ma idona ya tsufa. Abin da aka rubuta mini shi nake karantawa."

Da lokaci ya yi ya ɗaga murya ya kira Merkado ɗan Eliyezer.

Na yi tunanin in rubuta Merkado ɗan Zadik. Na ga rabin adireshi ne. Tsofaffin suka juyo suna dubana. Uku daga cikinsu sun san mijinki, ɗaya ya cire tabarau. Yaron ya san abin da zan rubuta, na gaya masa da safe. Ban karanta masa wasiƙarki ba, na dai faɗa masa na waye maɓallin. Ya ce, "Shekararsa nawa?" Na ce goma sha biyu. Ya ce, "Na girme shi ke nan."

Na miƙa hannu in riƙe shi, ya ture. Matakala huɗu. Ya tsaya a ta uku, ya kama ƙarfen gefe, leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi, na ji Grasiya daga sama ta ja numfashi. Sannan ya taka ta huɗu. Mayafin addu'ar ya yi masa yawa, yana jan ƙasa. Ya karanta aya goma sha biyu. Muryar ta fashe sau biyu, bai tsaya ba, bai kuskure ko wasali ɗaya ba. Ina bin littafi da yatsa, aikina ke nan, kuskure nake nema tun ina saurayi. Ban samu ba. Daga aya ta tara ban ƙara ganin rubutun ba, sai da kunne na bi.

Mata suka jefo alewa daga sama, ɗaya ta sami Haham a kunne. Ya ce, "Wannan matar Finsi ce, shekara arba'in tana nemana."

Bayan karatu akwai albarkar da uba ke faɗa, ta godiya ga wanda ya sauke masa nauyin wannan yaro. Haham ya dube ni yana jira. Ba sunana aka kira ba, ba ni da hurumi. Ko da ina da shi ba zan faɗa ba. Ba a sauke mini ba, ba na kuma so a sauke. Ya jira kaɗan, ya ci gaba.

Sunan mahaifina bai fito ba. Na zauna a kan bencin da yake zama na faɗe shi a cikin bakina, ba wanda ya ji, ba wanda ya amsa. Ya jira shekara goma sha bakwai. Zai jira ranar aure, in Allah ya kai mu.

Minti goma sha huɗu ya yi a tsaye, na saɓa wa likita da huɗu. Ya ci rabin dafaffen ƙwan da muke ci ran Asabar a gado ya yi barci da alewa a hannu. Ya ce in gaya wa mai shi cewa kayanta bai ba ta kunya ba.

Abin da na rubuta ranar 1 ga wata ba ya gyaruwa. A jarida in mun yi kuskure mukan buga gyara a shafi na biyu da ƙananan haruffa. Ban san shafin da zan buga wannan ba. In idon ya warke ki zo, ko in zo, in tsaya ki faɗa mini.

Yau da safe zafin ya koma 37.9. Likita ya ce yana jin wata ƙara a zuciyar da bai ji ba a watan Mayu, ba zai ce sabuwa ce ba sai ya ga hoto. An ɗibi jini, sakamako ranar Laraba.

Gwangwanin yana kan tebur a buɗe. Maɓallin bai iso ba. Na je gidan waya jiya bayan majami'a, sun duba littafin rajista, sun ce buhun wasiƙun Split na gaba sai Talata.

Zadik